Zubin Tukunyar Dalma: Daga Tsince Ƙarfe Zuwa Gwajin Ruwa

A Sakkwato idan aka ce tukunyar dalma kowa ya san abin da ake nufi: farar tukunyar nan mai kauri da ake ɗorawa a murhu ranar biki ko suna, wadda mai tuwo-tuwo ke tuƙi a cikinta shekara da shekaru ba ta huje ba. Sunan ne ya bi baki, amma ƙarfen da ake zuba ta da shi alminiyam ne. Dalma ta ainihi wani ƙarfe ne daban, mai nauyi da laushi, wadda ke cikin batirin mota, kuma guba ce. Na fara da wannan ne saboda duk mai son koyon sana'ar nan ya riƙe shi tun ranar farko. Tukunyar da za ka zuba, iyalin wani za su ci abinci daga cikinta shekara goma ko fiye, don haka kada ka bari dalma ta shiga narkinka ko da ƙwayar gero ce.

Na yi shekaru a gaban wutar zubi a ƙarƙashin maigidana, Allah ya saka masa da alheri. Abin da zan zayyana shi ne yadda na koya, haɗe da abin da karatu ya ƙara mini daga baya.

Ka san ƙarfen da ke hannunka

Alminiyam shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta. Amma ba a samun sa tsura. Kullum a haɗe yake da wasu sinadarai, a cikin duwatsu da laka. Yumɓun da za ka kwaɓa ƙasar zubi da shi ma akwai alminiyam a jikinsa, haka alam ɗin da mata ke jefawa cikin randa don ruwan gulbi ya kwanta. Raba shi da waɗannan ne ke da wuya. Sai a 1825 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya fara fitar da ɗan kaɗan, kuma ya ci gaba da tsada har 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki. Ana haƙo wata jar ƙasa da ake kira boksait, wadda Gine ke cikin ƙasashen da suka fi kowa arzikinta, kuma wajen tan 4 nata ne ke ba da tan 1 na ƙarfe. Wutar da aikin ke ci ba kaɗan ba ce. Sake narkar da tsohon alminiyam kuwa yana cin wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai na wannan makamashi. Shi ya sa mai gawayi da fanka a bayan kasuwa yake iya cin abinci da ƙarfen da babbar masana'anta ta sha wahalar fitarwa.

Halayensa guda huɗu ne suka shafe ka kai tsaye. Yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, zafin da gawayi ke kaiwa cikin sauƙi. Ba shi da nauyi, baƙin ƙarfe ya ninka shi kusan sau 3. Yana ɗaukar zafi ya raba shi ko'ina da sauri, abin da ya sa tuwo ba ya ƙonewa a wuri guda a tukunya mai kauri. Na huɗu, da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, haɗin alminiyam da oksijin. Ita ce ke hana shi tsatsa. Ita ce kuma ke wahalar da mai narki, domin ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Kashin da kake kwashewa a saman narki, yawancinsa wannan fata ce.

Mataki na farko: tsince ƙarfe

A nan ake samun tukunya mai kyau, a nan kuma ake ɓata ta. Ranar da na fara zuwa, na ɗauka za a sa ni gaban wuta. Maigida ya zazzage buhun kayan gwangwan a gabana ya ce, "Zamna nan, yaro. Duk wanda bai san ƙarhe ba bai isa ya taɓa wuta ba." Wata biyu na yi ina tsinta.

Ka samo mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, ka bi kowane yanki da shi. Alminiyam ba ya kama maye. Duk abin da ya kama, ko noti ne, ko kusa, ko zoben fistan, ka cire shi da guduma ko zarto. Baƙin ƙarfe yana narkewa a hankali cikin ruwan alminiyam, kuma idan ya yi yawa tukunya kan fito da gautsi, ta tsage da ƙaramin bugu.

Maye ba ya kama dalma, ba ya kama tutiya, ba ya kama tagulla. Waɗannan sai hannu da ido. Ka ɗauki yankin ka jijjiga a tafin hannu. Idan nauyinsa ya fi girmansa, ka tuhume shi. Ga hanyar tabbatarwa: ka auna shi a sikeli, sannan ka nutsar da shi cikin kofi mai ma'auni ka ga yadda ruwa ya tashi. Yankin da ya ɗaga ruwa mililita 100, idan alminiyam ne zai yi giram 270 ko kusa da haka. Idan tutiya ce zai doshi 700. Dalma kuwa ta haura 1,100. Bayan wata ɗaya kana wannan gwaji, hannunka zai riƙa gaya maka tun kafin sikeli.

Wuraren da dalma ke ɓuya sanannu ne. Kan batir da duk abin da ya fito daga cikin batir. Ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a bakin wilin mota don daidaita shi. Liƙin da ke jikin tsohon lagireto na tagulla, da wanda masu gyaran rediyo ke amfani da shi, da duk wani allon kayan lantarki. Ka kankare da wuƙa: dalma tana yankuwa kamar sabulu mai tauri, kuma idan ka goga ta a takarda tana barin baƙin layi. Tana narkewa tun a digiri 327, saboda haka idan ta faɗa kaskonka za ta narke kafin alminiyam ɗin ma ya yi laushi, ba za ka gan ta ba, ba kuma za ka iya tsamo ta ba.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin dalma daga nesa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, wadda har zuwa 1996 jiha ɗaya muke da ita, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Waɗanda suka rayu, da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. A 2014 kuma an gwada tukwanen da aka zuba da kayan gwangwan a Kamaru, aka tarar suna sakin dalma idan aka tafasa abu mai tsami a cikinsu. Irin tukwanenmu ne, irin hanyarmu ce ta zubi. Ina son duk mai wannan sana'a ya ji nauyin wannan magana a ransa.

Gwajin sikeli yana kama dalma idan dunƙule ce. Wadda ta riga ta gauraye cikin ƙarfe kaɗan-kaɗan sai na'urar ɗakin gwaji. Abin da ke hannunka shi ne sanin asalin kowane yanki, don haka ka yi tsibi biyu. Tsibin abinci: kwanukan silba da tukwanen kamfani da suka mutu, firam ɗin taga da ƙofa, guntayen kwanon rufi na alminiyam, wayar lantarki da aka sauke ta halal, da wilin mota na alminiyam bayan ka ɓamɓare ɗan ƙarfen bakinsa. Tsibin waje: kan inji, gidan giya, fistan, kaskon mai, da tsohuwar tukunyar zubi da ba ka san wanda ya zuba ta ba. Wannan tsibi na biyu ka yi da shi abin da ba ya taɓa abinci, kamar ƙafar murhu ko hannun ƙofa. Na san masu zubi da yawa za su ce kayan inji sun fi gudu a cikin ƙasa, kuma gaskiya ne. Dalilin shi ne akwai wani sinadari da ake kira silikon a cikinsu. Amma wilin mota ma yana da silikon wajen kashi 7 cikin 100, kuma ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Alminiyam tsantsa, irin na waya, yana da kauri idan ya narke, yana ƙanƙancewa sosai, yana tsagewa a wuyan tukunya. Ka haɗa wili da sauran kayan tsibin abinci rabi da rabi, za ka ga ruwan ya saki jiki.

Wayar lantarki da aka kawo maka da dare, a yanke gunduwa-gunduwa, kada ka saya. Ka san inda ta fito, kuma unguwar da aka bari cikin duhu ta 'yan'uwanka ce.

Saura abu biyu. Gwangwanin lemo alminiyam ne mai kyau, sai dai siriri ne, fatarsa ta fi namansa yawa, ga fenti da ke tayar da hayaƙi mai wari. Kana iya asarar kashi ɗaya cikin uku a kashi. Idan za ka yi amfani da shi, ka daddake shi ya zama dunƙule, ka narkar da shi daban ka zuba sanduna, daga baya ka haɗa. Na biyu shi ne magniziyam, wanda ya yi kama da alminiyam amma ya fi shi rashin nauyi. Ana samun sa a jikin wasu kwamfutocin hannu, da injin yankan itace, da injin tsohuwar Volkswagen mai siffar kunkuru. Idan ya kama wuta yana ci da farin haske mai kashe ido, kuma ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Ka kankare wurin ka ɗiga ruwan lemun tsami. Idan ya yi kumfa nan take, ka ware shi gefe.

Duk abin da ka tsince ka wanke shi daga mai da ƙasa, ka shanya a rana ya bushe ƙayau.

Mataki na biyu: wuri da kayan aiki

Kada ka yi narki a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Ka nemi fili mai rumfa, iska na ratsawa, ƙasansa turɓaya busasshiya. Daɓen siminti yana riƙe danshi, idan ruwan ƙarfe ya zuba a kansa yakan fashe ya yi tsartuwa.

Murhu rami ne da aka shafe da laka, da bututun iska daga gefe, da zuga-zugi ko fankar da ake juyawa da wilin keke. Gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta. Kada ka ƙara wuta da roba ko baƙin mai. Kasko yawanci gindin tukunyar gas ce da aka yanke ko wani bututu mai kauri. Ka shafe cikinsa da ruwan laka ka gasa kafin amfani, don rage baƙin ƙarfen da narki ke lasa, kuma ka duba gindinsa kowace safiya, domin a hankali yake cinyewa. Kaskon da aka taɓa narka dalma a ciki ya haramta ga tukunyar abinci har abada. Sai awartaki mai dogon hannu, ludayin kwashe kashi, akwatunan katako ko na ƙarfe masu haɗuwa biyu-biyu da turakun da ke daidaita su, rariya, muciyar danna ƙasa, guntun bututu, sifok ɗin keke, zarto da magagari.

A jikinka kuma: walki na fata, takalmin fata rufaffe, safar hannu ta fata, tabarau, da tufafin auduga. Garin da duniya ta san shi da fatar jar akuya bai kamata a ga mai zubi a cikinsa da silifas ba. Yadin roba yana narkewa ya manne da fata.

Mataki na uku: ƙasar zubi

Yashi mai laushi ake so, wanda aka tankaɗe, a gauraya da garin yumɓu, kamar kashi 9 na yashi da 1 na yumɓu, gwargwadon ƙarfin yumɓun. A bakin gulbin Rima akan dace da ƙasar da Allah ya riga ya haɗa, wasu kuma suna ƙara ƙasar suri. Ka yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kana cuɗawa, ka rufe da buhu ta kwana.

Gwajinta a hannu yake. Ka damƙi cikin tafi ka matse, ka buɗe. Ya kamata ta tsaya dunƙule, da shatin yatsunka a jiki, tafinka kuma ya fito ba laka. Ka karya dunƙulen biyu. Idan ya karye tsaf, bakin ya fito da kaifi, ta yi. Idan ya wargaje, ruwa ko yumɓu ya yi kaɗan. Idan ya lanƙwashe ko ya yi ƙyalli, ruwa ya yi yawa, kuma wannan ya fi haɗari, domin tururi zai huda tukunyar ko ya tofo ƙarfe ta bakin zubi. Da hunturu ƙasa na bushewa kafin ka gama akwati biyu, sai ka riƙa rufe tsibin da jiƙaƙƙen buhu. Da damina kuwa rage ruwa ake yi.

Mataki na huɗu: danna akwati

Ka fara da murfi ko kasko mai buɗaɗɗen baki kafin ka taɓa tukunya mai ciki. Samfurin da za ka kwafa ya zama mai santsi, ba lotsawa. Ka sani ƙarfe yana ƙanƙancewa idan ya huce, wajen santimita 1.3 a kowace mita. Tukunya mai faɗin santimita 40 za ta fito da ragin rabin santimita. Wanda ke kwafa daga kwafi, shi ma daga kwafi, wata rana zai ga murfinsa ya daina zama. Ka ajiye samfur na asali, kada ka sayar da shi.

Ka kifa samfurin a kan allo, ka ɗora akwatin farko ya kewaye shi. Ka barbaɗa toka mai laushi ko garin gawayi don kada ƙasa ta manne. Ka tsayar da guntun bututu a tsakiyar gindin samfurin, nan ne hanyar ƙarfe. Ka tankaɗa ƙasa mai laushi ta rufe samfurin, sannan ka cika da sauran kana dannawa, da ƙarfi a gefe-gefe, da sauƙi a kan samfur. Idan ka danne ta kamar bulo tururi ba zai sami hanyar fita ba. Ka share saman, ka juya akwatin. Yanzu bakin samfurin na kallon sama. Ka gyara ƙasar da ke kewaye da leɓensa, ka barbaɗa toka, ka ɗora akwati na biyu, ka cika cikin samfurin da akwatin gaba ɗaya kana dannawa. Ka ɗora allo, ka sake juyawa.

Ka murɗa bututun ka zare, ka faɗaɗa bakin ramin kamar mazurari, ka shafe shi da yatsa don kada ƙasa ta zube ciki. Ka soka sifok a wurare da dama har ya kusa taɓa samfur. Ka ɗan bubbuga, ka ɗaga akwatin sama a miƙe, hannu biyu, ba karkata. Ka ɗauke samfurin daga kan curin ƙasar da ya cika cikinsa. Ka hure ɓurɓushi, ka gyara inda ya ɓalle, ka mayar da akwatin a kan turakunsa. Ratar da samfurin ya bari tsakanin ƙasar waje da curin ciki, ita ce tukunyarka.

Tukunya mai ciki, wadda bakinta ya fi cikinta ƙanƙanta, ba ta zaruwa haka. Ita ana raba samfurinta biyu daga baki zuwa gindi. A haɗa ɓangarorin, a cika ciki da ƙasa, a kifa a kan akwatin ƙasa. Akwatin waje shi ma biyu ne, dama da hagu, ana danna ɗaya a barbaɗa toka a fuskarsa sannan a danna ɗayan. A buɗe su gefe da gefe, a ɓare samfurin, a mayar. Idan curin ya goce ko da kaurin tsinke ne, gefe guda zai yi kauri, ɗayan ya fito kamar takarda.

Kafin zubi ka ɗaure akwatunan ko ka ɗora musu duwatsu, domin ruwan ƙarfe yana ɗaga na sama. A wurare da yawa yaro ake sa wa ya taka akwatin da ƙafa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Dutse yana yin aikin.

Mataki na biyar: narki

Ka auna samfurinka, ka ƙara rabin nauyinsa saboda hanyar zubi da kashi. Gara ya ragu da ya yanke maka a tsakiya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka hura wuta bayan sallar asuba, ka gama kafin hantsi ya ɗaga.

Ka fara da yankuna masu kauri su yi tafki a gindin kasko, sannan ka riƙa tura sirara cikin tafkin, don kada iska ta cinye su. Duk abin da zai shiga kasko, ƙarfe ne ko ludayi, ka fara ɗora shi a bakin murhu ya yi zafi. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura wajen sau 1,700, kuma idan hakan ya faru a ƙarƙashin narki, ƙarfen ne zai tashi sama. Na ga wannan da idona wata safiya da damina. Wani abokin koyona ya ɗauki ludayin da ya kwana a waje, raɓa ta sauka a kai, ya tsoma. Ƙara ɗaya muka ji, narki ya watsu har rumfa, ɗigo guda ya faɗa masa a bayan ƙafa. Maigida ya riƙe ƙafar cikin ruwa yana cewa, "Sannu ɗiyana, sannu. Wanga ƙarhe ba ya son ruwa, na hwaɗa muku." Tabon yana nan har yau. Idan irin haka ta faru, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta kwararawa na minti 20, a cire zobe ko agogo, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba manja.

Alminiyam ba ya yin ja idan ya narke da rana. Fari yake kamar azurfa, shi ya sa baƙo kan ɗauka bai yi zafi ba. Idan ka tura kashin gefe da ludayi za ka ga fuskarsa kamar madubi, kafin ka ƙifta ido wata yana ta sake rufe shi, tana tattarewa kamar ta madarar da aka dafa. Zafin zubi yana tsakanin digiri 700 da 750. A inuwar rumfa, alamarsa ita ce gindin kasko ya yi ja mai duhu, ruwan kuma yana kaɗawa sakwa-sakwa, ba ya manne wa sandar da ka tsoma. Idan narkin kansa ya koma ja sosai, ka wuce. Narkin da ya yi zafi da yawa ko ya daɗe a wuta yana shan iskar haidirojin daga danshi, idan ya zo hucewa sai ya fitar da ita, ta bar ƙananan huji kamar na allura. Wannan ne asalin tukunyar da ke tsatsafo. Kada ka yi ta motsawa kamar kunu. Ɗan busasshen gishiri da aka gasa, cokali ɗaya a kasko, yana taimaka wa kashi ya rabu da ƙarfe. Ka kwashe kashin sau ɗaya, dab da zubi.

Mataki na shida: zubi

Ka share hanya tsakanin murhu da akwati, kowa ya matsa. Ka yi bisimilla, ka kawo bakin kasko kusa da ramin, ka zuba da gudu ɗaya ba yankewa, mazurarin ya kasance cike har ƙarfe ya tsaya. Idan ka tsaya ka ci gaba, fatar nan za ta shiga tsakani, a sami layi a jikin tukunya wanda zai buɗe a kan wuta. Babbar tukunya mutum biyu ke zuba ta, ta rami biyu, lokaci guda. Ragowar narki ka juye a busasshen rami ya zama sanda.

Ka ba ƙaramar tukunya kamar minti 10, babba fiye da haka. Ka buɗe, ka kama da awartaki, ka kakkaɓe ƙasar. Kada ka tsoma ta a ruwa.

Mataki na bakwai: gyara da gwaji

Ka yanke hanyar zubi da zarto, ka bi leɓe da kunnuwa da magagari. Ka rataye tukunyar da yatsa ka ƙwanƙwasa. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ka cika ta da ruwa ka ɗora a busasshiyar ƙasa ta kwana. Da safe ka ɗaga ka duba ƙarƙashi.

Idan gefe bai cika ba, ƙarfe ya yi sanyi ko ratar ta yi siriri. Idan jiki ya yi ƙuraje, ƙasa ta yi ruwa. Idan gindi ya lotsa kusa da hanyar zubi, ramin ya yi ƙanƙanta, ka faɗaɗa shi. Wadda ta yi tsatsafo ka fasa ta ta koma kasko. Toshe huji da dalmar liƙi, ko shafe tukunya da fentin azurfa don ta yi kyau a kasuwa, zuba guba ne a abincin mutane, kuma duk wahalar tsintar da ka sha ta tashi a banza.

Kashin da ka kwashe kada ka zuba shi a kwata ko kusa da rijiya. Idan ruwa ya taɓa shi yana fitar da iska mai wari kamar fitsarin da ya kwana, wani lokaci har da zafi. Ka tara shi a busasshen wuri, akwai masu saye su sake tace shi. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka bar kayan aikinka a wurin aiki.

Abin da za ka gaya wa mai saye

Ko Hajiya ce ta zo sayen ta aurar da ɗiya, ko ɗan kasuwa mai kai wa Illela da Gwadabawa, ka ɗauki minti biyu ka yi masa bayani. A wanke sabuwar tukunya da sabulu, a tafasa ruwa a ciki sau biyu ko uku a zubar, wasu kan haɗa da dusa. Wannan yana fitar da ƙasa da ƙurar magagari ne, ba ya cire dalma idan tana ciki. Fatar da ke kare alminiyam tana jin tsoron abu biyu, tsami da kanwa. Tsamiya, zoɓo, yakuwa da tumatir suna cin ta idan suka daɗe, don haka a dafa a juye, kada miya ta kwana a ciki, kada kuma a jiƙa tsamiya ko a tsima zoɓo a tukunyar. Kanwa mai yawa tana baƙanta ciki tana ƙwaƙule shi. Duhun da cikin tukunya ke yi bayan an saba girki kariya ce, ba sai an kankare shi da yashi har ya yi fari ba.

Mata masu haɗa sabulu su kam a gaya musu kai tsaye: sodar sabulu tana narkar da alminiyam, tana fitar da haidirojin mai kama wuta. Su nemi robar da ke jure zafi ko baƙin ƙarfe mara tsatsa, su bar tukunyar ga tuwo.